Dalilin da Ya Sa Ban Ɗaukar Miki Jaka Ba

Ƙafur, ranar Laraba da yamma.

Zuwa ga autata Hannatu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu, wanda ya tashe ki daga tabarma bayan mun gama fid da rai. Ina roƙonsa ya kai ki Zariya lafiya, ya tsare ki daga direba mai gaggawa da hanya mai ramuka, ya sa ki samu Goggonki Saratu da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Amin.

Na ce kada ki buɗe takardar nan sai kin isa, kin wanke ƙafa, kin sha ruwa. In kin bi maganata, to yanzu kin riga kin ga abin da na yi miki a hanyar tasha, kuma na san halinki, kina can kin kumbura baki. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. Ba labarin gida zan ba ki ba, ai yanzu kika baro shi. Magana ce da ta daɗe a cikina na kasa faɗa miki baki da baki. Kin san ni, in na buɗe baki faɗa ne ke fitowa, ko da lallashi na yi niyya.

Abu ɗaya nake jin tsoro game da tafiyar nan taki. Ba samarin Zariya ba ne, bakinki kaɗai ya ishe su. Ba kuma karatun malanta ba ne, kanki yana ja. Tsorona kada masu ƙaunarki su zaunar da ke. Tarin tibi ya warke, mun gode Allah, amma kin ji abin da likita ya ce: ya bar tabo a huhunki, tabon kuma ba zai goge ba. Abin da ya rage a hannunki shi ne ƙarfin ƙirjinki da ƙarfin ƙafarki, wanda kika yi shekara guda kina tarawa da gumi. In aka zaunar da ke wata uku, zai zube. Na san yadda ake zaunar da mutum, domin ni ce na zaunar da babanki.

Kina 'yar shekara goma sha biyu lokacin, abin da kika sani kawai shi ne Baba ba shi da lafiya. Bari in gaya miki sauran. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana injin niƙa a bakin kasuwa. Kullum yakan dawo fari fat da gari har gashin ido, ga hayaƙin inji da yake sha tun safe. Tari ya fara, haki ya biyo baya. Muka je asibiti a Funtuwa, suka ce huhu ya taɓu, suka ba shi magani, suka ce ya bar injin. Ki lura da kyau, injin suka ce ya bari. Ba wanda ya ce ya bar tafiya. Har wata nas ta biyo mu bakin ƙofa tana cewa ya riƙa ɗan zagayawa safe da yamma. Na ce mata to, a raina kuwa na ce wannan yarinya ba ta san darajar miji ba.

Da muka dawo na sa kafinta ya yi masa kujerar nan mai jingina, na kafa ta ƙarƙashin mangwaro. Ruwa a kawo masa, tuwo a kawo masa, buta a kawo masa. Wata rana da hantsi ya ce zai leƙa masararsa a gonar bayan gari, tafiyar da ba ta fi ki je coci ki dawo ba. Na bi shi a baya ina mita. Da ya kai wajen katangar makaranta sai ya tsaya, ya dafa bango yana haki. Yanzu na san hutawa kawai yake yi, da na bar shi da ya ci gaba. Amma ni sai na ɗora hannu a ka na kurma ihu, maza suka fito suka ɗauko shi cak kamar buhu, yana cewa ku sauke ni, ku sauke ni, ba wanda ya saurare shi. A ranar na ɗauke takalmansa na jefa cikin rumbu. Da ya tambaya na ce kare ya ɗauka. Mu da ba mu taɓa ajiye kare ba! Kekensa kuma na ba yayanki ya tafi da shi Tsiga.

Shekarar farko yana iya zuwa coci da ƙafarsa, amma ni na riƙa kiran ɗan acaɓa. Shekara ta biyu iyakarsa ƙofar gida. Shekara ta uku, daga kujera zuwa bayan gida sai ya huta sau biyu, ƙafafunsa sun tsotse. Ni kuwa ina ganin haka sai in ce ciwo ya ƙaru, a ƙara masa hutu. Wata rana na ajiye masa kwano, ya dube ni ya ce, "Uwar yara, kin ɗaure ni ba igiya." Na yi dariya na ce, "Ci tuwonka, Malam, kada ya huce." Bai sake faɗa ba har ya rasu.

Ban ce da ya yi ta tafiya da bai mutu ba. Ciwonsa mai nauyi ne, ranar mutum kuma a hannun Allah take. Amma shekara uku mutumin nan bai ga gonarsa da idonsa ba, kuma ba ciwo kaɗai ya hana shi ba, har da ni. Wannan yana ci na har yau.

Saboda haka ki ji ni da kyau. In kina tafiya haki ya taso, kada ki firgita, kada kuma ki bari na kusa da ke su firgita ki. Ki tsaya, ki ɗan sunkuya ki dafa gwiwa ko bango, ki saki kafaɗa. Ki shaƙa ta hanci, ki tsuke leɓe ki fitar a hankali kamar kina hura kunu mai zafi, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. In ya lafa ki ci gaba da tafiyarki. In wata ta ɗora hannu a ka za ta yi ihu, ki ce mata uwarki ta riga ta yi wannan ihun, bai amfani kowa ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ban kunya, domin na farko tsoro ne, wannan kuwa son yabo ne. Kin san al'adarmu ta dubiya. In mutum ba shi da lafiya, kwance ake so a same shi. In mata suka shigo da kwanon kunu da lemo suka tarar da majinyaci yana shara, ɗayan biyu za a ce: ko ciwon na ƙarya ne, ko mutanen gidan ba su da tausayi. Ni kuwa ban yarda a faɗi ko ɗaya a kaina ba. Har a taron zumuntar mata matar fasto ta tashi ta ce, "Ku je ku ga yadda Maman Hannatu ke jinyar mijinta, ko cokali ba ya ɗagawa." Ranar kaina ya yi girma, na dawo gida na ƙara masa matashi a kujerar.

Da naki ciwon ya zo sai na ɗauko halina daga inda na ajiye shi. Kin tuna ranar da kike tashi-zauna a kan benci, kina ƙirgawa, kin kai takwas, aka yi sallama a ƙofar gida? Na finciko ki na kwantar a tabarma, na lulluɓe ki da zane har wuya, na ce ki rufe ido. Mata biyar suka shigo suka zagaye ki suna "Sannu Hannatu, wayyo, dubi yadda take gumi, zazzaɓi ne?" Ni kuma na ce e, tun safe take fama. Ke da kike gumin motsa jiki! Kina ƙarƙashin zane kafaɗarki na rawa don dariya, su kuma suka ɗauka sanyi kike ji, suka ƙara miki bargo. Mun yi dariyar abin daga baya, amma ba abin dariya ba ne. Don kada a zage ni na mai da ke gawa mai rai a gaban mutane.

Ga abin da zan gaya miki, ko ki ji haushi ko kada ki ji. "Sannu" tana da daɗi, kuma na ga ke ma kin fara jin daɗinta a lokacin. Kada ki musa, ni na haife ki. Akwai kwanakin da ban ma ce ki kwanta ba, da kin ji sallama ke da kanki kike neman tabarma. A Zariya za ki samu masu sannu da yawa. Wata za ta ɗauke miki bokiti, wata ta je miki kasuwa, wani malami ya ce ki zauna kada ki wahala. Ki gode musu, mutanen kirki ne. Amma abin da kike iyawa, ki yi da hannunki. In bokiti cike ya fi ƙarfinki, ki ɗebi rabi ki je sau biyu.

Sai zancen Malama Binta, ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi da motsa jiki da likita ya tura mu wurinta bayan kin gama shan maganin tibi. Allah ya saka wa matar nan, domin abin da na yi mata ranar farko, da wata ce da ta kore mu. Ta sa ki yi ta kai da komo a barandar asibiti tana duba agogo, da ɗan abin awo maƙale a yatsanki. Na ga kin fara haki, jinina ya hau. Na tare gabanki na ce mata, "Ke baiwar Allah, asibiti na kawo yarinyar nan ko filin fareti?" Mutane suka juyo suna kallo.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ba ni kujera ta ce, "Mama, kun taɓa ajiye shanun huɗa?"

Na ce, "Da su na tashi a gidanmu."

Ta ce, "In aka ɗaure su duk rani ana zuba musu dusa da harawa, ranar da aka fara sa musu garma yaya suke yi?"

Na ce, "Haki, har da kumfa a baki."

"Ciwo ne ya kama su?"

Na ce, "Wane ciwo, zama ne ya yi musu yawa."

"To mai dabara me yake yi?"

Na ce, "Kafin ruwa ya sauka yakan fara fita da su, su ja amalanke kaɗan-kaɗan." Ban rufe baki ba na ji kunya ta kama ni, domin na gane inda ta nufa.

Sai ta yi mini bayanin da ba wanda ya taɓa yi mini. Ta ce huhu ba shi ke jawo iska da kansa ba. Akwai wata tsoka shimfiɗe a ƙarƙashinsa, da wasu tsakanin haƙarƙari, su ke buɗe ƙirji iska ta shiga. Tsoka ce kamar ta damtsen mai daka, in ana aiki da ita ta yi ƙarfi, in aka bar ta ta saki. Ta ce ƙafa ma haka, in ta saba da tafiya ba ta neman iska da yawa kamar ƙafar da ta daɗe a zaune. Mai ciwon huhu yana jin haki sai ya zauna, zaman ya raunana shi, hakin ya ƙaru, ya ƙara zama. Tana magana ni kuwa babanki nake gani ƙarƙashin mangwaro. Sai bayan watanni na ba ta labarin, ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, abin da kika sani ne kika yi." Na gode mata, amma maganar ba ta sauke mini nauyin duka ba.

Za ki ce daga nan na shiryu. Ina! Kaina ya yarda, cikina bai yarda ba. Nan ne zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko fasto.

Ɗan bututun robar nan da Malama Binta ta ba ki, wanda nake ce wa usur ɗinki, da kike sawa a baki kina zuƙar iska da ƙyar don tsokar numfashi ta yi ƙarfi, sau talatin da safe sau talatin da yamma. Na tsani abin nan. In kina zuƙa jijiyoyin wuyanki su miƙe, idonki ya yi ja, ni kuma ina daga gefe ina kallo. Na ce wane irin magani ne wannan, mutum na neman iska a toshe masa hanya? Kin tuna lokacin da ya ɓace, kika birkice ɗaki kina nema, kika yi kuka, na ce ai a motar Malumfashi kika bar shi saboda sakacinki? Ba ki bar shi a mota ba. Ni na ɗauka. Na ƙulle shi a leda na tura cikin buhun gero, na bar ki kina zargin kanki sati uku. Ki yafe mini, Auta.

Da usur ya ɓace sai jikinki ya yi sanyi da komai. Kika daina tashi-zauna, kika daina zuwa wajen kukar nan ta bakin hanya da kike kaiwa kullum. Ni kuwa hankalina ya kwanta, na ce yawwa, yarinya ta samu hutu. Wata rana da yamma na dawo daga kai ƙuli kasuwa, na shigo gida, na same ki zaune a kujerar babanki. Kin jingina, kin karkatar da kai gefen hagu, hannunki a kan katakon da hannunsa ya goge har ya yi sheƙi. Kika ɗago kika ce, "Mama, miƙo mini ruwa." Randa kuwa ba ta fi taku goma daga inda kike ba. Tiren da ke kaina ya kusa faɗuwa. Na ba ki ruwan, na wuce ɗaki na zura hannu cikin gero har kafaɗa. Washegari usur ya bayyana a ƙarƙashin gadonki, inda kika share ya fi sau biyar. Kika dube ni, na dube ki. Ina jin kin sani tun ranar. Kujerar kuma da na ce gara ta ci, ba gara ba ce, kafinta na kira ya ɗauke ta.

Usur ɗin yana cikin jakarki, a aljihun gefe, na wanke shi na shanya ya bushe. Ki riƙa wanke shi kamar yadda aka nuna miki, kada ki ba kowa aro, kada ki ƙara masa tauri da kanki sai wadda za ta duba ki a can ta ce. Takardar da Malama Binta ta rubuta tana tare da shi, ki kai asibiti a satin farko, kada ki jira sai jiki ya motsa. In kin koma ɗakin kwanan ɗalibai 'yan mata za su yi miki dariya, domin abin yana ƙara kamar tsohon famfo. Su yi. Ki zauna a bakin gadonki ki yi talatin ɗinki a gabansu. In kika fara ɓoyewa don kunya, sati biyu ya isa ki daina. Haka kuma numfashin ciki da Malama Binta ta koya miki, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, cikin ya riƙa tasowa in kin shaƙa. Da gorunan ruwa biyu da kike ɗagawa don ƙarfin hannu. Ba a sayen ko ɗaya, ba ki da hujjar bari.

Akwai wata wautar da na yi da har yanzu in na tuna sai in ce kai, mace, ina hankalinki ya je? Na hana ki tafiya, na hana ki shara, amma na zaunar da ke kusa da ni a madafa ina suyar ƙuli, wai don ki sha ɗumi kada kaɗaici ya dame ki. Hayaƙin ɗanyen itace yana tashi, ni ina hawaye ke kina tari, ina cewa sannu, ciwon ne. Ɗakinki kuma na toshe taga da tsumma don kada iska ta buge ki, na kunna maganin sauro mai hayaƙi, na ƙara da turaren wuta. Abin da zai ƙara miki ƙarfi na hana, abin da ke cin huhunki na ba ki da hannuna. To ki kiyaye. In Goggonki za ta hura gawayi ko itace, ki fita tsakar gida, ki ɗauki wani aikin, tsintar shinkafa ko wanke-wanke. Gidan sauro na sa miki a akwati, ki ɗaura shi. Inda ake ƙona bola ko sussuka, ki canja hanya ko ki rufe hanci. In kin fara koyarwa, allo ki goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Maganin shaƙarki kada ya rabu da jakarki, wanda aka ce kullum ki sha kullum, ko kina jin garau.

Kada kuma ki ɗauka cewa nake ki zama soja. Na yi wannan kuskuren ma, domin ni ba na iya tsayawa a tsakiya. Da na tuba sai na wuce gona da iri. Kin tuna safiyar da kika ce jikinki ba daɗi, na ce lalaci ne, tashi mu je kuka? Kika bi ni kina jan ƙafa, ashe zazzaɓi ne a jikinki, kakinki ya canja launi. Muka kwana huɗu a asibiti. Malama Binta ta zo duba ki, ta kalle ni ta ce, "Mama, jiya kin hana, yau kin kora. Yaushe za ki tambaye ta yadda take ji?"

Ita ta koya mana bambancin, ki riƙe shi. Hakin da kike iya magana a cikinsa, ko da guntu-guntu ne, kuma in kin tsaya ya lafa, wannan na aiki ne, ki ci gaba. Amma in ƙirji ya yi ciwo, ko jiri ya ɗebe ki, ko zuciya na bugawa ba bisa ƙa'ida ba, ko kin huta hakin ya ƙi sauka, ki tsaya, ki nemi asibiti. In zazzaɓi ya zo, ko kaki ya ƙaru ya canja launi, ko kika ga jini ko ɗigo ɗaya ne, ba ranar motsa jiki ba ce, ranar ganin likita ce. Kada ki tsaya shan jiƙe-jiƙen da maƙwabta za su kawo. In kin warke kuma kada ki ce za ki fara daga inda kika tsaya, ki koma baya kaɗan ki sake hawa. Ke ce a cikin jikin, kin fi ni sani, kin fi Goggonki sani.

Tunda na ambace ta, bari in yi miki gargaɗi a kanta. Saratu mutuniyar kirki ce, tana son ki kamar ranta, kuma ita ce babban haɗarin da ke gabanki. Ta ga yadda na yi jinyar wanta, har yau tana yabona a kai. Na tabbata ta riga ta gyara miki katifa, ta gargaɗi 'ya'yanta kada wanda ya bar ki ki ɗaga tsinke. Kada ki yi mata rashin kunya, uwa ce. Ki ce mata, "Goggo, likita ne ya rubuta mini tafiya, kamar yadda ake rubuta ƙwaya." In ta ƙi ji, ki ce ta raka ki, ita ma gwiwarta za ta gode miki. In duk ya gagara, ki ba ta takardar nan ta karanta. Na yarda ta san abin da na yi wa wanta, in dai hakan zai hana ta yi miki irinsa. Na shirya wa abin da za ta ce mini.

An ce makarantar taku akwai bene. Ki hau. Ki shaƙa kina tsaye, ki fitar kina taka matakala, ki huta a tsakiya in kin so, waɗanda ke bayanki su wuce. Kin ce kina son tsayawa gaban aji ki koyar da yara. Malama da numfashi take aiki tun safe har azahar, kuma ba wanda zai ara miki nasa.

Yanzu sai zancen gobe da safe, wanda a wurinki ya riga ya wuce. Kin san yadda ake rakiya a garin nan. Mai tafiya ba ya ɗaukar kayansa, balle wanda kowa ya san ya yi jinya. Akwatinki mai nauyi yayanki ya riga ya kai wa direba. Saura ƙaramar jakar baya, wadda na tambayi Malama Binta ta ce kina iyawa. Daga ƙofar gidanmu zuwa tasha na auna da ƙafata sau biyu, ya ɗara zuwa kuka da kaɗan. Ba zan kira ɗan acaɓa ba. Ba zan karɓi jakar ba, kuma duk wadda ta miƙo hannu za ta karɓa zan hana ta. Za mu wuce masu shago, mu wuce ƙofar gidan fasto lokacin da matarsa ke shara. Za su ga yarinya mai ciwon huhu da kaya a baya, uwarta na biye da ita hannu na dukan cinya. Na san abin da za a faɗa kafin azahar. Matar da aka yi misali da ita a zumunta ta zama marar imani. Su faɗa.

Wajen katangar makaranta za ki tsaya ki huta, na sani, domin akwai ɗan hawa a wurin. Nan babanki ya tsaya. Zan tsaya a bayanki in riƙe bakin zanena da hannu biyu don kada su kai kan jakar, in kulle bakina. In kin ga fuskata a ɗaure, ba fushi ba ne. Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba, har da haihuwarki.

Bara da muka kwashe rumbu don gyara, na sami takalman babanki a can ƙasa. Sababbi ne lokacin da na jefa su, bai fi wata biyu da saye ba. Na juya su na duba, ƙasansu ko gogewa bai yi ba, zanen kamfani yana nan raɗau. Na zauna a bakin rumbu na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarsa. Suna cikin akwatina yanzu.

Takalman da na saya miki ranar kasuwa masu ƙarfi ne, mai shagon ya rantse za su shekara biyu. Ina so ki ƙaryata shi. In Allah ya kai mu Kirsimeti kika dawo, ba takardar jarrabawa zan fara dubawa ba, ba kuma kumatunki ba. A bakin ƙofa zan ce ki tuɓe, in juya su in ga ƙasansu. In na same su a cinye, zan yanka miki zakaran nan ja.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya kiyaye ki a hanya da cikin baƙin mutane, ya raba ki da sharri, ya raba ki da irin ƙaunar da na nuna wa babanki. Ya ƙara miki numfashi, ya ƙarfafa ƙafarki, ya dawo mini da ke kina tafe da kanki. Ki gaishe da Goggonki da yaranta duka. Amin.

Ni ce mamanki,
wadda ta bi ki tasha hannu wofi.